Ragon Inna da Ƙwayar da Ta Kwanta

Shekara bakwai Abdulsamad ya yi a Fatakwal. Ranar da ya sauka a tashar Tsafe, abin da ya dawo da shi jaka ɗaya ce, da farar riga irin ta asibiti, da sabon suna: Dokta. Ba wanda ya raɗa masa, shi ya yi wa kansa huɗuba. Gaskiyar da bai ga dalilin ɗora wa mutane nauyinta ba ita ce, a wani shagon tabarau ya yi aiki, yana buɗe ƙofa, yana goge gilashi da tsumma, yana nuna wa baƙi kujera. Amma ai kujerar tana kusa da likita, kuma a ganinsa wanda ya shekara bakwai a bakin rijiya ba a koya masa guga.

Sati biyu ya yi yana bin majalisu yana leƙa idon dattawa ba su roƙe shi ba. Wannan ya ce masa yanar ido ta fara rufe shi, wancan ya ce masa hakiya na tafe. Dattawa suka yi masa godiya, suka ce da idon nan suka gan shi yana yawo ba wando, kuma har yau idon bai ba su kunya ba. Abdulsamad ya koma gida yana cewa ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. A hanya dabara ta faɗo masa. Mutum yana da baki, yana musu. Akuya kuwa ba ta taɓa tuna wa kowa zamanin da yake yawo ba wando ba. Kafin la'asar ya sa an rubuta allo an kafa a ƙofar gidansu: ASIBITIN IDON DABBOBI, DOKTA A. FATAKWAL.

Mahaifiyarsa, Inna Safiyatu, ba ta iya boko ba, saboda haka allon bai dame ta ba. Ita hankalinta na kan ragonta. Balami ne fari ƙal, ta saye shi yana ɗan ƙarami, ta raine shi da dusa da harawa da ruwan tsari har ya zama in ya tsaya a turke sai a ɗauka ɗan maraƙi ne. Tun rasuwar maigidanta Malam, shekara huɗu ke nan ba a zubar da jinin layya a gidan ba. Kowace Babbar Sallah ita ake aiko wa da nama a kwano, ita kuma ta yi godiya ta mayar da kwanon wayam. Bana ta ƙudurta kwanonta ne zai zaga unguwa.

Saura kwana goma sha biyu Sallah, ragon ya wayi gari idonsa na hagu a runtse, yana zubar da hawaye, ƙuda sun yi masa zobe. Inna ta tsaya a kansa ta riƙe haɓa. Ko yaron goye a Tsafe ya san rago mai ido ɗaya ba ya layya, in ka yanka shi nama ka ci, lada kuwa sai wani. Ta ce za ta aika Bungudu a gaya wa ƙanenta Hamidu, wanda ya tsufa a dillancin dabbobi, ko kuma ta jira Malama Naomi, likitar dabbobin da ke zuwa daga Gusau ranar kasuwa.

Abdulsamad ya ji wannan magana kamar an mare shi. Ya ce ashe haka ake yi, ga ruwa a randa a tafi rafi da tulu.

"Kai dai mutane ka ce kana dubawa," in ji Inna.

"Inna, ido ido ne. Wanda ya iya tuƙa tirela ba ya jin tsoron keke."

Ya shiga ɗaki ya fito cikin farar riga, da tocila a aljihu, da wata doguwar takarda mai haruffa, manya a sama, ƙanana a ƙasa, wadda ta biyo shi daga shagon Fatakwal ba da sanin mai shagon ba. Ya riƙe ta gaban rago, ya ce a yi shiru ana gwaji. Rago ya miƙa wuya ya shinshina, ya kama takardar daga ƙasa ya fara ci. Kafin Dokta ya fizge, layi uku sun tafi. Bai ko girgiza ba. Ya ce wa Inna wannan alama ce mai kyau, tunda da ƙananan haruffa ya fara, ke nan yana ganin na kusa.

Daga nan ya kai hannu ga idon da ke ciwo. Rago ya ja da baya taku biyu ya dawo, Dokta ya tsinci kansa zaune cikin kwanon dusa. Da ya tashi ya karkaɗe riga, sai ya bayyana cewa a ilimin zamani ba a fara duba ido mai ciwo, lafiyayyen ake fara tambaya. Ya zagaya dama, ya haska tocila, ya leƙa.

Ya sake leƙawa da kyau. A duk idon da ya taɓa gani a Fatakwal, baƙin ɗigon nan na tsakiya a zagaye yake kamar kwabo. Na wannan rago kuwa dogo ne, ya miƙe daga gefe zuwa gefe kamar an shimfiɗa tabarma. Abdulsamad a cikin tumaki aka haife shi, amma bai taɓa kallon tunkiya ido cikin ido ba, don ba abin da ya haɗa su. Ya miƙe a hankali, ya kashe tocila, ya yi ajiyar zuciya irin ta likitan da zai faɗi mummunan labari.

"Inna, ƙwaya ta kwanta."

Ya yi mata bayani dalla-dalla. Cutar sunanta kwanciyar ƙwaya, Turawa ma tsoronta suke. A idon dama take. Na hagu da ke hawaye lafiyarsa ƙalau, tausayin ɗan'uwansa ne ya sa shi kuka. Inna ta leƙa, ta ga lallai abin a kwance yake. Ta ce to mi za a yi. Ya ce ido mai cuta hutu yake so. Ya yanko tsumma ya naɗe idon dama ruf, ya ɗaure a ƙaho.

Rago ya rasa duniya gaba ɗaya, ido ɗaya a runtse, ɗaya a ɗaure. Da aka kwance shi ya sha ruwa, randa ya fara samu, ya aika ta lahira. Ya juya ya bi ta kan garin tuwon da aka shanya, ya ƙare da kansa cikin akurkin kaji. Dokta ya ce kuzarin nan da ake gani, magani ne ya fara ratsa shi.

Hayaniyar ce ta sa Hassana, maƙwabciyarsu mai ƙosai, ta leƙo ta katanga. Da ta ji bayani sai ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce ita shekararta talatin tana kiwon awaki, ba ta taɓa jin ƙwaya ta kwanta ba, sai dai in barci take ji. Abdulsamad bai yi fushi ba. Ya ce ta je ta dubi idon akuyarta, in a tsaye yake ta dawo ta ci gaba da dariya.

Hassana ta tafi. Ba a jima ba ta shigo ta ƙofa, ba dariya, tana jan jar akuyarta da igiya, 'ya'yanta biyu na biye. Duka ukun a kwance. Ta ce Dokta ya yafe mata, bakinta ne ba shi da linzami.

Kafin azahar labari ya gama unguwa. Matan da suka shekara ashirin suna tatsar akuya ba su taɓa kallon cikin idonta ba, ranar kowa ta kama haɓar dabbarta ta leƙa, kowa ta saki salati. Ba gidan da annoba ta tsallake. Layi ya kama daga zauren Inna har bakin masallaci, awaki da tumaki suna kuka, masu su suna tambayar juna taki tun yaushe ta kwanta. Wata ta rantse jiya da yamma ta ga ta tata a tsaye.

Dokta ya fara da dabara mai sauƙi. Tunda ƙwaya ta kwanta, a karkata kan dabba ta tashi. Ya kama akuyar Hassana ya danna kanta ƙasa, ƙwaya na nan a shimfiɗe. Ya ɗaga kan sama, idon ya juya a cikin gurbinsa, ƙwaya ta sake daidaita da ƙasa kamar ruwa a kwano. Ya yi haka sau biyar, akuya ta gaji ta taka masa ƙafa. Ya sanar da jama'a cewa wannan mai taurin kan ce ta shigo Tsafe, sai an haɗa mata dabaru.

Dabara ta farko, a daina ba dabba abinci a ƙasa, don yawan sunkuyo ne ke kwantar da ƙwaya. Aka rataye harawa a rassan dalbejiya, awakin unguwa suka wuni a tsaye kan ƙafa biyu kamar masu roƙon ruwa. Ta biyu, a ja tozali daga sama zuwa ƙasa a kan fatar ido, don ƙwaya ta ga hanyar da ake so ta bi. Ta uku kuwa sai da ya hau mota ya tafi Gusau, ya dawo da buhun baƙin tabarau irin na 'yan acaɓa, wanda ake sayarwa a faranti bakin tasha. Aka yanka robar tayar keke aka ɗaura wa kowace dabba nata. Ya gargaɗi kowa kada a cire sai bayan kwana bakwai, haske na mayar da aiki baya. Wannan dabarar ta fi sauran amfani, don ta cikin baƙin gilashi ba mai iya ganin ko ƙwaya ta tashi ko tana nan.

Ranar ce Tsafe ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Wani direba da ya taho daga Funtua ya tsaya sayen rake, ya ga bunsuru ya fito daga lungu da baƙin tabarau da tozali, yana tafiya yana karo da bango. Ya mayar da raken, ya ce shi dai a garin nan ba zai sha komai ba.

Duk wannan hidima, ba wanda ya sake taɓa idon hagu na ragon Inna. Hawaye ya koma kwantsa, kwantsa ta yi kauri. A kwana na biyar da rago ya ɗan buɗe idon, Inna ta ga ya yi fari-fari kamar an ɗiga nono a ruwa. Rago ya rage cin abinci, ƙashin bayansa ya fara fitowa. Ta ce wa ɗanta ita fa idon mai tausayin nan ya fara ba ta tsoro, kada garin neman gira a rasa ido. Ya ce farin nan da ta gani, cutar ce take fita daga dama ta bi ta hagu, ai dole ta sami ƙofa.

Da Abdulsamad ya tsaya a unguwarsu, da wataƙila ya kai Sallah da mutuncinsa. Amma mai ilimi ba ya ɓoye ilimi. Ranar kasuwa, saura kwana biyar Sallah, ya ari lasifikar wani mai tallar maganin basir, ya ja ragon Inna a matsayin shaida, ya nufi kara, inda ake cinikin dabbobi. Inna ta yafa mayafi ta bi bayansu, ba don ɗan ba, don ragon.

Kara ta cika maƙil, raguna daga Mada da 'Yankuzo da Bungudu, masu saye har daga kudu. Dokta ya hau kan wani turmi da aka kife, ya busa lasifika, ya ce jama'a a yi hattara, kada wanda ya sayi rago bai duba ƙwayar idonsa ba, in a kwance take makanta ce ke tafe, kuma makahon rago ba ya layya.

Nan take kowane mai saye ya sunkuya kan ragon da yake tayawa. Wani Alhaji da ya riga ya ce a sallama ya saki igiya ya ja da baya. Na kusa da shi ma haka. Kafin a ce kwabo ciniki ya tsaya cak, dillalai suka taso kamar an taɓa gidan rina. A gabansu akwai wani tsoho gajere mai sanda a kafaɗa, wanda ya kawo raguna goma sha wani abu daga Bungudu. Kawu Hamidu ne.

Kawu bai ɗaga murya ba. Ya gaida yayarsa, ya dubi ragonta da tsumma a ƙaho, ya dubi ɗanta a kan turmi, ya tambaye shi rago nawa ya taɓa kallo cikin ido kafin wanga.

Abdulsamad ya ce ilimi ba a ƙirga shi da yawan raguna.

"Gaskiya ne. To sauko, Dokta. Ga kara nan, ta fi dabba dubu. Nemo muna guda mai lafiya, mu ga yadda ido ya kamata ya zama. In ka samo, ni da kaina zan sa wa nawa tabarau."

Ya sauko da tocilarsa, jama'a na biye. Ragon farko, a kwance. Na biyu, a kwance. Ya tsallaka wajen na Bungudu, ya ce subhanallahi, har can ta kai. Ya duba na Mada, ya ce dama iska daga nan take kaɗawa can. Kawu ya ce a gwada shanu. A kwance. Wani ya jawo jakinsa, jaki ma a kwance. Aka kai shi gaban raƙumi, sai da aka durƙusar da shi Dokta ya kai ga idon, raƙumi ya yi masa kallon raini da ƙwaya a kwance, ya bi shi da kumfa a farar riga. Zufa ta fara keto masa, amma bakin bai mutu ba. Ya ce abin da yake tsoro ke nan, annoba ta gama jihar.

Ana cikin haka wata kyanwa ta fito daga rumfar masu hatsi ta zauna a rana tana lasar hannu. Abdulsamad ya hango idonta, ya yi tsalle ya cafko ta, ya ɗaga sama kowa ya gani. Ƙwaya a tsaye cir, kamar an kafa allura.

"Ga mai lafiya. Kun gani? Haka ake so."

Kawu Hamidu ya gyaɗa kai, ya juya wajen yayarsa. "To, Yaya Safiyatu, Allah ya kawo sauƙi. Bana da kyanwa za ki yi layya."

Dariyar da aka yi a kara ranar, masu shayi a bakin titi sun ji ta. Kyanwa ta yakushi Dokta a hannu ta kama gabanta. Alhajin da ya saki igiya ya koma ya kama abarsa yana cewa shi dama bai yarda ba.

Malama Naomi tana can gefe tana yi wa shanu allura, dariyar ce ta jawo ta. Mace ce ba mai yawan magana ba, shekara goma sha wani abu tana zagaya kasuwannin nan da jakarta. Ta ji labari daga baki uku a lokaci ɗaya, ba ta yi dariya ba, ta tambayi ina ragon. Ta kwance tsumman idon dama ta jefar, ta ce wannan ido ba abin da ya same shi sai zalunci. Ta ce haka Allah ya halicci duk dabbar da ke kiwo, don tana sunkuye tana cin ciyawa ta ga abin da ke tahowa ta gefe. Sannan ta sa Kawu ya danne rago, ta wanke idon hagu, ta ɗiga magani, ta juya fatar ido da yatsa, ta sa ɗan hantsaki ta zaro wani abu. Ta ɗora a tafin hannu ta nuna wa Inna. Ƙaiƙayin gero ne, bai kai tsawon farce ba.

Ta ce kwana bakwai yana gurzar idon duk ƙiftawa, ya yi masa gyambo. Da ranar farko aka cire, da yamma ya warke. Da an ƙara kwana biyu kuma, da idon ya tafi. Ta ba Inna man shafawa, sau uku a rana, a ajiye rago a inuwa, a kore masa ƙuda. Inna ta tambaya da ƙaramar murya ko zai gani kafin Sallah. Malama ta ce ba ta yi alkawari ba, amma tana sa rai.

Abdulsamad ya gyara murya ya ce a gaskiya shi ma ya yi zargin ƙaiƙayi, yana jira ne ƙwaya ta tashi tukuna. Malama ta tambaye shi a wace makaranta ya yi karatu. Yana cikin neman sunan da zai faɗa, Kawu ya saki rago. Kwana bakwai rabon ragon nan da ganin duniya, kuma abin da ya fara gani da idonsa mai lafiya farar riga ce. Ya ja da baya taku huɗu. Kawu ya ce wa Malama ta bar tambayar, ga amsa nan tafe.

A kan amalanken masu hatsi aka mayar da Dokta gida, yana kwance a gicciye. Hassana ta leƙo ta katanga ta ce wa Inna ai ga shi nan shi ma ya kwanta, ko a rataya masa tuwo a dalbejiya. Da yamma matan unguwa suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ta ajiye tabarau a ƙofar ɗakinsa ta wuce. Allon asibiti kuwa Inna ta tsage shi ta hura wutar dafa wa rago dusa.

Kwana biyar Inna ta yi a gindin turke da man shafawa da mafici. Ran jajibere farin ya ja baya, saura ɗan ɗigo a gefe. Safiyar Sallah bayan an sauko daga idi, Kawu Hamidu ya zo daga Bungudu da wuƙarsa. Ya rufe idon dama da tafin hannu, ya kaɗa yatsa gaban na hagu. Rago ya ƙifta, ya kauda kai. Ya sake, ya sake ƙiftawa. Kawu ya ce yana gani, layya ta yi. Inna ta juya baya tana gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

Ranar kwanonta ya zaga unguwa, gidan Hassana har sau biyu. Da aka gama rabo, ta ɗauko kan ragon a faranti ta kai wa ɗanta, wanda ke zaune a kan matashi saboda har yanzu tabarma ba ta karɓarsa. Ta ce ga rabonsa, ya babbake, tunda shi ne masanin wannan wuri.

Abdulsamad ya karɓa ba ya ko ɗaga kai. Sai dai hali zanen dutse. Ya ɗan buɗe idon da yatsa ya leƙa, ya ga baƙin ya buɗe ya yi faɗi, ya kusa zama zagaye, yadda idon kowace dabba yake yi in rai ya fita. Fuskarsa ta washe.

"Inna, zo ki gani. Ta fara tashi. Da an bar ni na cika kwanakina, da..."

Inna ta sunkuya ta duba, ta jinjina kai.

"Awo, ta tashi. Ashe wuƙa ce maganin." Ta ɗauki farantinta. "Allah mun gode da dattawan garin ga ba su ba ka idonsu ba."